Vivien Thomas: Kafintan Da Ya Koya Wa Likitoci Ɗinkin Zuciyar Jarirai

Duk wanda ya taɓa jinyar ƙaramin yaro a asibiti ya san akwai wani zama da ba ya kama da kowane zama, wato zaman da iyaye kan yi a bakin ƙofar ɗakin tiyata. Mai karatu zai ga haka da idonsa idan ya leƙa manyan asibitocin Gusau. Uwa ta taso tun daga Ruwan Bore ko wani ƙauye na Tsafe ko Bungudu, ta shimfiɗa tabarmarta a baranda, kwanon abinci na gefe ba a ko buɗe shi ba, uba kuma yana ta kai da kawowa, ko motsin ƙofa ya ji sai gabansa ya faɗi. In an fito da yaron, wani sabon zaman ne ya soma. A jira ya farfaɗo daga allurar barci, a jira ya buɗe ido ya gane uwarsa, ya nemi ruwa a hana shi sai likita ya ba da izini. Idan aikin ciki ne aka yi masa, har fitar iska daga cikinsa sai ta zama abin yi wa dangi albishir. Ranar da ya miƙe ya taka ƙasa da ƙafarsa, iyaye kan rasa bakin godiya, su yi ta sa wa likitan da ya yi aikin albarka, alhali akwai hannuwa da yawa da suka taɓa yaron waɗanda har abada ba za su san sunayen masu su ba.

Tarihin mai ɗaya daga cikin irin waɗannan hannuwa nake son kawo mana yau. Sunansa Vivien Theodore Thomas, baƙar fata ne ɗan ƙasar Amurka, jikan bawa, wanda bai taɓa zama ajin koyon aikin likita ba, amma da hannunsa aka share hanyar yi wa jarirai tiyatar zuciya a duniya.

An haife shi ranar 29 ga Agusta, 1910 a jihar Louisiana, iyayensa suka ƙaura da shi zuwa birnin Nashville na jihar Tennessee tun yana ƙarami. Mahaifinsa kafinta ne mai karɓar kwangilar gini, wanda ya koya wa 'ya'yansa sana'ar ba tare da ya raba su da makaranta ba. Vivien ya gama sakandaren Pearl a 1929 da burin ya zama likita, kuma ya daɗe yana tara ɗan abin da yake samu daga kafinta a banki domin wannan buri. Akwai wani darasi da ya ce bai taɓa mantawa da shi ba daga wannan zamani. Yana aikin gyara a Jami'ar Fisk aka sa shi ya sauya wani katakon daɓe da ya lalace, ya yi aikin a gurguje, shugaban ma'aikata ya zo ya duba ya sa ya ɓamɓare ya sake tun daga farko. Daga ranar ya ɗaukar wa kansa alkawarin ba za a ƙara maimaita masa aiki ba.

Sai dai kash, kana naka ƙaddara na nata. Karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta raba shi da aikin kafinta, sannan a ƙarshen 1930 bankin da yake ajiya ya durƙushe da kuɗin karatunsa. Kafin nan, a watan Fabrairun 1930, wani abokinsa ya yi masa hanya ya sami aiki a ɗakin binciken wani matashin likitan tiyata farar fata mai suna Alfred Blalock, a Jami'ar Vanderbilt. Albashinsa dala 12 ne a mako. Ya karɓi aikin da niyyar ya ɗan taɓa kafin hali ya yi ya koma makaranta, bai san cewa shekara 34 za su yi tare da wannan mutum ba.

Blalock mutum ne mai kaifin tunani amma mai saurin fushi. Wata rana Thomas ya yi wani kuskure, Blalock ya rufe shi da zagi. Saurayin bai yi gardama ba, ya je ya sauya tufafinsa ya nemi a biya shi haƙƙinsa ya tafi, domin a cewarsa ba a yi masa tarbiyyar ɗaukar irin wannan magana ba. Blalock ya ba shi haƙuri, ya yi alkawarin ba zai sake ba, kuma bai sake ɗin ba. Cikin ɗan lokaci Thomas ya iya sa wa dabbobin gwaji barci, ya iya yanka da ɗinki, ya iya auna jini da rubuta sakamako, har ta kai Blalock ya faɗi abin da yake son a gwada da safe ya wuce wurin marasa lafiya, ya dawo ya tarar an gama. Duk da haka, a takardun jami'ar, sunan Thomas yana cikin jerin masu shara ne, kuma albashinsu ake biyansa.

Aikin farko da suka shahara da shi ya shafi kowa da kowa. A wancan zamani likitoci da yawa sun ɗauka cewa abin da ke kashe wanda ya ji mummunan rauni, jikinsa ya yi sanyi, bugun jininsa ya faɗi, wata guba ce da ke yawo a cikin jini. Gwaje-gwajen Blalock da Thomas suka nuna cewa asarar jini da ruwan jiki ce, kuma maganin abin shi ne a mayar wa jiki abin da ya rasa. Wannan ilimi ya ceci sojoji masu yawan gaske a Yaƙin Duniya na Biyu. Yau idan aka kwaso waɗanda suka yi haɗari a hanyar Gusau zuwa Funtuwa aka yi maza aka ɗaura musu ƙarin ruwa da ƙarin jini, to ana cin moriyar wancan bincike ne. A shekarun nan kuma sun gwada wani aiki a jikin karnuka, inda suka yanke jijiyar da ke kai jini zuwa hannu suka haɗa ta da wadda ke kai jini huhu. Abin da suke nema bai samu ba, suka ajiye aikin gefe guda.

A 1941 aka naɗa Blalock shugaban sashen tiyata na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, ya ce sai da Thomas zai tafi. Tun kafin nan ya ƙi karɓar wani babban muƙami a Detroit saboda an ce ba za a ɗauki baƙar fata tare da shi ba. Thomas ya kwashi matarsa Clara da 'ya'yansu mata biyu suka koma Baltimore, suka tarar da tsadar haya da wariyar launin fata mai tsanani. A asibitin, baƙaƙe ba su wuce shara da wanki da dakon kaya ba, saboda haka ranar da ya ratsa baranda sanye da farar rigar ma'aikatan bincike, mutane suka tsaya cak suna kallonsa. Da albashi ya gaza, sai ya riƙa aikin raba abin sha a wuraren liyafa da dare, ciki har da liyafar gidan Blalock, inda yakan miƙa kofi ga matasan likitocin da ya koya wa riƙon almakashi da safiyar ranar.

A nan ne wata mace ta shigo cikin labarin, Dokta Helen Taussig, shugabar sashen kula da zuciyar yara. Ita ma ta sha nata gwagwarmayar, domin Jami'ar Harvard ta ƙi yarda ta ba mace digirin likita, ga shi kuma kunnenta ya yi nauyi har sai da ta koyi sauraron bugun zuciyar jarirai da yatsunta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne yaran da ake haifa da wani lahani na zuciya wanda wani likitan Faransa mai suna Fallot ya yi bayaninsa a 1888. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska, na hagu kuma ya rarraba shi ga sauran jiki. A jikin waɗannan yara, hanyar zuwa huhu ta ƙuntata, akwai huda a bangon da ya raba ɗakunan ƙasa biyu, babbar jijiyar jiki ta goce ta hau kan hudar, bangon dama kuma ya yi kauri. Sai jini ya riƙa zagaya jiki ba tare da ya ɗebo isasshiyar iska ba. Leɓen yaro da farcensa su yi shuɗi, numfashi ya riƙa gagararsa, ya yi 'yan taku kaɗan ya tsuguna, wani lokaci ya sume. Iyaye ba su da abin yi sai kallo, likita kuma ba shi da abin ba su sai haƙuri, domin a wancan lokaci taɓa zuciya da wuƙa abu ne da manyan likitoci ke gudu.

Taussig ta lura da wani abu. Akwai wata 'yar jijiya da kowane jariri ke da ita tun yana ciki, wadda kan toshe da kanta bayan haihuwa. Yaran da tasu ta yi jinkirin toshewa sun fi samun sauƙi, da zarar ta toshe kuma sai ciwon ya tsananta. Ta ce ashe in za a iya ƙirƙira wa yaro irin wannan hanya, jini zai ƙara isa huhu. Ta kai shawarar ga wani mashahurin likita a Boston bai karɓa ba. A 1943 ta kawo wa Blalock, Thomas yana wurin yana saurare, nan take su biyun suka tuna da tsohon aikinsu na Nashville da suka ɗauka ya tashi a banza.

Nauyin tabbatar da abin ya faɗa kan Thomas. Sai da ya fara gano yadda zai haddasa wa kare irin wannan ciwo, sannan ya gano yadda zai sauƙaƙa shi. Ya yi aiki a kan karnuka kimanin 200. Wata karya mai suna Anna ce ta fara daɗewa a raye bayan aikin, har yau kuma hotonta yana rataye a Johns Hopkins. Da yake babu kayan aikin da suka dace da jijiyar jariri, wadda ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya biyu ba, sai kafinta ya koma sana'arsa. Ya yanke allurai ya gajarta su ya wasa bakinsu, ya gyara 'yan matsen da ake kama jijiya da su.

Ranar 29 ga Nuwamba, 1944 aka shigo da wata yarinya mai suna Eileen Saxon, 'yar wata 15, wadda nauyinta bai wuce kilo 4 ba, tana gab da mutuwa. Blalock sau ɗaya tak ya taɓa shiga wannan aiki a jikin kare, shi ma a matsayin mai taimaka wa Thomas. Saboda haka ya aika a kira shi, aka sa masa ɗan benci ya hau ya tsaya a bayan kafaɗarsa, yana duban kowane ɗinki yana faɗin inda allura za ta shiga da inda za ta fita. Cikin masu taimakawa a ranar akwai William Longmire da Denton Cooley, waɗanda daga baya suka zama manyan likitocin tiyata na duniya. Da aka saki matsen, jini ya bi sabuwar hanya.

To, a nan ne ya kamata mu dakata mu dubi iyayen yarinyar, domin abin da suka gani shi ne abin da dubban iyaye suka gani bayansu. Fitowa daga ɗakin tiyata ba ita ce warkewa ba. Kwanakin farko sun yi tsanani, iska ta riƙa taruwa a ƙirjin yarinyar tana danne huhu ana zuƙe ta da allura, likitoci da nas-nas suna kwana a kanta. Yau a ga alamar sauƙi, gobe jiki ya rikice. Sannu a hankali shuɗin ya soma washewa, ta fara cin abinci tana ƙara nauyi. Mahaifiyarta ta ba da labari daga baya cewa ganin 'yarta da launin fata irin na sauran yara ya zame mata kamar mu'ujiza. Bayan kusan wata biyu aka sallame su suka tafi gida. Amma bayan wasu watanni shuɗin ya dawo, aka sake yi mata aiki a ɗaya ɓangaren ƙirjin, ta rasu 'yan kwanaki bayan haka. Waɗannan iyaye sun ɗanɗani fargaba da murna da rashi duk a cikin shekara guda, kuma da yardar da suka bayar a gwada abin da ba a taɓa gwadawa ba a jikin 'yarsu aka buɗe wa 'ya'yan wasu ƙofa.

Ta biyu da aka yi wa aikin yarinya ce 'yar shekara 11, wadda ta bar asibiti bayan mako uku. Na uku yaro ne ɗan shekara 6, wanda launinsa ya sauya tun yana kan gadon tiyata, kowa na kallo. A watan Mayun 1945 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga bayanin yaran uku da sunayen Blalock da Taussig. Babu sunan Thomas ko a gefen shafi. Labari ya bazu, iyaye suka yi ta kwarara zuwa Baltimore daga ciki da wajen Amurka ɗauke da 'ya'yansu, wasu ba su ko aiko da takardar neman ganin likita ba. Cikin shekara guda an yi wa yara sama da 200 wannan aiki. Thomas yana tsaye bayan Blalock a ɗakin tiyata, in an fito kuma shi ne mai ɗibar jinin yaran yana aunawa har dare. Iyaye suna wuce shi a baranda, ba su san ko shi wane ne ba.

A 1946 ya ƙirƙiro wata dabarar tiyatar zuciya, wadda da Blalock ya duba ɗinkin sai ya kasa gane inda aka yanka, ya kwatanta shi da halitta. A shekarar ce kuma, da Thomas ya yi shirin ajiye aiki ya koma kafinta saboda ƙarancin albashi, aka gyara masa matsayi. Ya sake gwada komawa makaranta a 1947, kwalejin da ya nema ta ce sai ya faro daga ajin farko kamar kowa, ya lissafa ya ga zai kai shekara 50 kafin ya zama likita, ga iyali, sai ya haƙura. Da aka shirya wa Blalock gagarumin bikin cika shekara 60 a wani otal na Baltimore, ba a gayyaci Thomas ba. Haka zaman nasu ya kasance har Blalock ya rasu a 1964: a ɗakin bincike kamar Hassan da Husaini, a waje kuwa kowa da ƙofar da yake shiga.

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likitocin da suka koyi aiki a hannunsa sun bazu sun zama shugabannin sassan tiyata a jami'o'i daban-daban, kuma ba su manta ba. Suka haɗa kuɗi aka zana hotonsa, a 1971 kuma aka rataye shi a zauren ginin da ke ɗauke da sunan Blalock. A 1976 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa na dokta, ko da yake na fannin shari'a ne, ta kuma sa shi cikin jerin malamanta na tiyata bayan ya shafe shekaru yana koyarwa ba suna. Ya yi wa matasa baƙaƙe jagora, ciki har da Dokta Levi Watkins, ya kuma ɗauko wasu daga ƙananan ayyuka ya mayar da su ƙwararrun ma'aikatan tiyata. Ya yi ritaya a 1979, ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya rasu ranar 26 ga Nuwamba, 1985 sakamakon ciwon daji, 'yan kwanaki kafin littafin ya fito. A 2004 aka shirya fim a kan rayuwarsa, kuma yanzu likitoci da yawa suna kiran wancan aiki da sunayen mutum uku: Blalock da Thomas da Taussig.

Me ya haɗa mutumin Zamfara da wannan labari? Kusan jariri ɗaya cikin kowane 100 da ake haifa a duniya yana zuwa da wani lahani a zuciya, kuma namu ba su fita daga wannan lissafi ba. A jikin baƙar fata shuɗin ba ya fitowa fili, sai an dubi harshe da dasashi da farce. Yaron da ke gajiya yana shan nono har ya yi gumi, wanda ba ya girma, wanda kan yawatsugunawa in ya ɗan yi wasa, wanda kan yatsunsa suka yi kumburi kamar tabarya, ba iska ba ce ta taɓa shi, ba kuma maita ba ce. Asibiti ya kamata a kai shi tun da wuri. Haka kuma iyayen da aka yi wa ɗansu aiki su sani cewa ranar sallama ba ita ce ƙarshen jinya ba. Labarin Eileen ya isa ya nuna mana muhimmancin komawa ganin likita a ranar da ya sa, ko da yaro yana guje-guje a tsakar gida.

An fara yin tiyatar buɗe zuciya a Nijeriya tun 1974 a Inugu, amma har yanzu sau nawa muke jin cigiyar taimako a rediyo da Facebook domin a fitar da wani yaro Indiya ko Masar? Manomin da rashin tsaro ya hana shi noma gonarsa, wanda kuɗin motar zuwa Sakkwato ko Zariya ko Kano ma sai ya sayar da akuya, ina zai sami kuɗin jirgi? Gwamnatocinmu sun iya gina asibiti da sayo na'urori, amma tarihin Thomas yana nuna cewa tiyata aikin gayya ce. Bayan likitan da ke riƙe da wuƙa akwai mai sa barci, da nas ɗin da ke kwana a kan yaro, da ma'aikacin ɗakin gwajin jini, da mai tafasa kayan aiki, da mai gyaran na'ura in ta tsaya. Waɗannan su ne muka fi rainawa wajen albashi da horo da ƙarin girma, su ne kuma in babu su ƙwararren likita zai naɗe hannu yana kallo.

Kada kuma wani ya fahimci cewa karatu ba shi da amfani. Thomas ya so karatu har ƙarshen rayuwarsa, talauci da wariya ne suka tare masa hanya. Abin tambaya gare mu, mu da muka sami abin da ya rasa, shi ne yara nawa masu irin basirarsa ke zaune yau a Ruwan Bore da makamantanta ba makaranta, kuma mutum nawa ne a ƙarƙashinmu a ofisoshi da asibitoci suke yin aikin muna karɓar yabon?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sanyaya zukatan iyayen da ke zaune a bakin ƙofar ɗakin tiyata a wannan lokaci, Ya kuma ba mu ikon ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa tun yana raye.